Shekarar da Na Koyi Cewa "Ban Gane Ba"

Shekara uku ke nan da dawowata, kuma ban rubuta komai ba a lokacin da nake can, don haka abin da zan faɗa daga ka ne. Mai yiwuwa na sa wani abu a gaban wani, ko na ɗora wa mutum maganar da ba haka ya faɗe ta ba, tunda yawancinsu da Turanci aka yi su. Sunayen ma na sauya wasu. Inda nake da shakka zan faɗa.

Sunana Mannir. Aikina koyar da manya karatu da rubutu a Katsina. Ajina yana Ƙofar Sauri, a wani ɗakin firamare da ake ba mu aro bayan yara sun tashi. Yawancin ɗalibaina 'yan acaɓa ne da leburori da masu ƙananan sana'o'i, sai makiyaya biyu ko uku da ke shigowa daga rugagen bayan gari. Ina da shekara arba'in da huɗu aka ba ni tallafin karatun shekara ɗaya a wani gari na bakin teku a arewacin Ingila, in yi digiri na biyu a kan ilimin manya. Rabona da zama a aji a matsayin ɗalibi ya kai shekara goma sha takwas, ko sha tara.

Na sauka garin wajen la'asar, ana yayyafi. Tun ina gida na samu lambar wani mutum a zauren waya na ɗalibai, ya ce ya kama mini ɗaki. Ya turo hotuna har da labule, ni kuma na tura masa kafin alƙalami. Mai tasi ya ajiye ni a adireshin da jakunkuna biyu, ɗaya rabinta kuka ce da daddawa da garin kunu. Sai na ga shagon wankin kaya ne, injuna suna ta juyawa a bayan gilashi. Na duba lambar ƙofar sau uku. Na kira mutumin, waya a kashe.

Matar da ke kula da shagon, wata dattijuwar Baturiya, ta leƙo ta gan ni da jakunkuna, ta girgiza kai. Ta ce ba ni ne na farko da aka turo nan ba. Ta ja mini kujera kusa da injin busar da kaya saboda ɗumi, ta ba ni shayi, ta tambaye ni ko ni Musulmi ne, sannan ta kira masallacin unguwar. Har yau ina jin nauyin yadda ban riƙe sunanta ba.

Wanda masallacin ya turo wani dogon tsoho ne mai hular sanyi. Ya shigo ya yi sallama, ya dube ni sama da ƙasa, sai na ji ya ce da Hausa, "Baƙo, daga ina?"

Na ce, "Daga Katsina, Baba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya kawo mini bawana har gida. Ni a Kumasi aka haife ni, amma kakana Banufe ne, ka san wasan da ke tsakaninmu da ku Katsinawa. Ɗauki kayanka, ubangida ba ya yi wa bawa dako."

Yana faɗin haka ya sunkuci jakar da ta fi nauyi. Wannan shi ne Baba Isaka, tsohon direban bas da ya yi ritaya. Sati biyu na yi a ɗakin saman gidansa kafin makaranta ta samo mini wurin zama.

Ba zan daɗe a kan sanyi ba, kowa ya ji labarinsa. Abin da ban shirya masa ba shi ne gajartar rana da gajartar gaisuwa. Azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korarsu. Gaisuwa kuwa kalma ɗaya ce, mutum bai ma tsaya ba. Ranar da na gaida maƙwabcina yadda ya kamata, na tambayi gida da iyali da aiki da sanyi, sai ya tsaya ya tambaye ni ko wani abu ya faru. Nakan zauna bayan sallar asuba in saurari saƙon matata Binta sau biyu ko uku, ba don maganar ba, don carar zakaran maƙwabta da ke fitowa a bayanta.

Malamin da aka haɗa ni da shi ya duba aikina Dakta Martin ne. Ina jin na girme shi da shekara goma. Ɗalibai suna kiran sunansa kai tsaye, wasu ma suna masa gardama yana dariya. Ranar da na fara zuwa ofishinsa na ga darduma shimfiɗe, sai na cire takalma a bakin ƙofa. Ya dubi safata, ya nuna mini wurin zama. Na zauna a bakin kujera, na sunkuyar da kai, ya yi mini bayanin rubutun farko da sauri. Da ya gama ya ce, na gane?

Na ce, "Na gane."

Wataƙila rabi na kama. Amma mu yadda aka rene mu, in malami ya yi bayani ka ce ba ka gane ba, kamar ka ce bai iya ba ne. Kai dai ka amsa, ka yi godiya, in ka fita ka tambayi ɗan'uwanka ɗalibi. Ni kuwa ba ni da wanda zan tambaya. 'Yan ajinmu yawanci sa'annin ƙannena ne, ana tashi kowa ya toshe kunnensa ya wuce.

Rubutun a kan aikin mai jagorantar ajin manya ne, wato aikin da na yi shekara da shekaru ina yi. Na karanta duk littattafan da aka lissafa, har da waɗanda aka ce in an ga dama. Na tsara maganganun marubutan bi da bi, wane ya ce, wane ya ce, na fara da waɗanda suka fi daɗewa. Ban sa tawa ko ɗaya ba. Ni wane ne da zan jera maganata da ta manyan malamai?

Ban ci ba, na faɗi. Takardar da ta zo ta ce ina da dama ɗaya in sake rubutawa cikin sati huɗu. In na sake faɗuwa ba zan ci gaba ba, tallafi zai tsaya, izinin zamana ma zai ƙare. A ƙasa Dakta ya rubuta cewa ya karanta har ƙarshe bai same ni a ciki ba. Ya ƙara da cewa in mun zauna ba na tambaya, ba na ko kallonsa, kamar karatun bai dame ni ba. Wannan ya fi faɗuwar ciwo. Ni da nake sunkuyawa don girmama shi.

Ban faɗa wa Binta ba. Na dinga tuna yadda a Ƙofar Sauri ɗalibaina suka fara kirana Malam na Ingila tun kafin in tafi, da yadda zan shiga ajin nan bayan wata uku hannu rabbana. Ranar Juma'a bayan masallaci na nuna wa Baba Isaka takardar a cikin motarsa. Ya sa tabarau ya karanta a hankali.

Ya ce, "Kai ka gane abin da ya ce ka yi tun farko?"

Na ce ba sosai ba.

"Ka faɗa masa?"

Na girgiza kai.

Ya ce, "Ku ne ake wa kirari, kunya gare ku ba dai tsoro ba, ko? To wannan wanne ne a ciki?"

Na ce, "Baba, ina jin duka biyun ne."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce akwai wata mata, Joan, da ke taimaka wa ɗaliban da suka dawo karatu da girmansu. Ya ce ita ta koya masa kwamfuta lokacin da wurin aikinsu ya mayar da komai kan na'ura, yana da jikoki biyu a lokacin. "In ta iya da kan Banufe, ai naka ma za ta gwada, ko da yake ban yi maka alkawari ba."

Joan gajeriya ce mai furfura, za ta kai sittin. Ta gaya mini cewa a masana'antar gyaran kifi ta yi aiki har ta wuce talatin kafin ta koma makaranta. Ta ce in kira ta Joan. Na gwada, bakina ya ƙi. Na ce zan kira ta Malama. Ta tambayi ma'anar, ta ce ta yarda.

Zaman farko ta yi mini bayanin abin da ake nema, ta ce na gane? Na ce na gane. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ba zan sake yi maka wannan tambayar ba." Ta ɗauki kujerarta daga gabana ta dawo da ita gefena, muka fuskanci takardar mu biyu. Sai ta ce in faɗa mata abin da zan fara yi gobe da safe in na zauna. Na buɗe baki, babu komai. Asirina ya tonu, amma ba wanda ke kallona, dukanmu takarda muke kallo. Ta sake bayanin ta wata hanya kamar ba a yi na farko ba.

Wani abin da na lura da shi, ita kanta takan ce ba ta gane ba. Muna karanta littafi sai ta tsaya ta ce, "Wannan jimlar ta wuce ni, me yake nufi?" Da farko na ɗauka dabara ce. Mai yiwuwa wani lokacin dabarar ce. Amma akwai ranar da muka yi kusan rabin awa a kan sakin layi ɗaya, daga ƙarshe ta ce ita dai tana ganin marubucin ma bai gane kansa ba.

Duk da haka, sati na biyu ya zo ina nan ina wane ya ce. Ta karanta shafi biyu, ta ajiye, ta ce in sa rigar sanyi. Muka fita muka bi bakin tashar jiragen ruwa muna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ta nemi izinina ta kunna ɗaukar murya a wayarta.

Ta ce, "Littafin nan da ka fi ambata ya ce a zaunar da manya a da'ira, kowa ya yi karatu a fili in layi ya zo kansa, a gyara kuskure tare, don kowa ya ji daidai yake da kowa. Ka taɓa gwadawa?"

Na ce na gwada.

"Ya yi?"

"Ƙwarai."

Muka ɗan taka. Ta ce, "Duka suka ci gaba da zuwa?"

Ban san abin da ya sa na faɗa mata ba. Ina jin don ba ta kallona ne. Na ba ta labarin Jauro Buba, wanda ban taɓa ba kowa ba.

Jauro makiyayi ne, dattijo, daga wata ruga a arewacin gari. Ya shiga ajina ne bayan an sayar masa da maganin shanu da wa'adinsa ya wuce, yana so ya iya karanta abin da ke jikin kwalba da kansa. A baya yake zama, jikin taga, kuma duk ajin ba wanda ya kai shi kula da rubutu. Ana nan sai wani ɗan acaɓa, Sani, ya shigo ajin. Sani mijin ɗiyar Jauro ne. Suka ci gaba da zuwa, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowa kamar bai ga ɗan'uwansa ba. A watan ne na dawo daga wani taron horo da wannan hanya ta da'ira. Na jera bencina, na zaunar da kowa, Sani ya faɗo daidai gaban Jauro. Da layi ya zo kan Jauro, Sani ya kafa idonsa a ƙasa. Jauro ya fara, ya yi tuntuɓe a wata kalma, na gyara masa da ƙarfi yadda aka koya mana, na ce, "Sake, Jauro." Ya sake. Ya rufe littafin. Da aka tashi ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya ce, "Allah shi saka, Malam." Bai sake dawowa ba. Bayan sati ɗaya Sani ma ya daina, don yana ganin shi ya kori surukinsa. A rahoton wata na rubuta cewa hidimar damina ce ta ɗauke su. Na san ba haka ba ne.

Joan ta ce, "Ban gane ba. Me zai hana mutum ya yi kuskure a gaban mijin 'yarsa?"

Wannan karon na tabbata ba dabara ba ce. Na shiga yi mata bayanin surukuta: yadda ba sa cin abinci tare, yadda ƙaramin ba ya kama sunan babban, yadda in sun hango juna a hanya ɗaya yakan ratse. Na ce yaro ɗan shekara goma a Katsina ba zai zaunar da su suna fuskantar juna ba, ni kuwa na yi, don littafi ya ce. Na daɗe ina magana, har na manta da sanyi. Tun da na zo ƙasar, ran nan ne farko da ni ke da sanin, wani ke tambaya.

Ta ce, "Ke nan littafin ya yi kuskure."

Na ce, "A'a, Malama, ni ban isa in ce haka ba."

Ta ce, "Kai ka rasa ɗalibi biyu. Shi nawa ya rasa?"

Na yi tunani, na ce, "Ba zan ce ya yi kuskure ba. Ina jin dai bai taɓa koyar da ajin da surukai ke ciki ba."

Ta tsaya cak. "Wannan za ka rubuta. Yadda ka faɗe ta, har da ina jin ɗin."

Ta turo mini muryar, ta ce in zauna in rubuta abin da na faɗa, daga nan mu ga inda littattafan suka yarda da ni da inda muka saɓa. Ba ta taɓa rubuta mini ko layi ɗaya ba. Na taɓa tura mata fensir in ce ta gyara mini wani sakin layi, ta turo mini shi da ɗan yatsa. Na yi kwana biyu ina shawarar ko in sa maganar rahoton ƙaryar da na rubuta. Na tambaye ta, ta ce wannan tsakanina da kaina ne. Na sa.

Ta kuma nemi ta yi wa Dakta Martin bayanin sunkuyar da kaina. Na ce don Allah kada ta yi. Ta ce to, sai dai in je da kaina. Na je, da takalmana a ƙafa. Ina kallon gefen teburinsa na gaya masa cewa a wurinmu ɗalibi ba ya zuba wa malaminsa ido, girmamawa ce. Fuskarsa ta yi ja, ya ba ni haƙuri har sau biyu, abin da ya ƙara sa ni jin nauyi. Sannan ya ɗauki daftarina ya yi magana a kan yadda zan tsara ƙarshensa, da saurin nan nasa, ya ce na gane?

Na ce, "Ban gane ba."

Ya ce to, ya jawo farar takarda ya zana mini. Shi ke nan. Ina jin bai ma san wani abu ya faru ba.

Sakamakon ya zo da safe, ranar Laraba in ban manta ba. Na kasa buɗe saƙon. Na taka har gidan Baba Isaka na miƙa masa wayar. Ya nemi tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya tambaye ni ko na karya, duk don ya ja mini rai.

Ya ce, "Bawana, an ce ka haye. Makin ba wani mai yawa ba ne, kada ka fara ɗaga mini hanci."

Na zauna a kan matakalar gidansa. Daga nan na kira Binta na gaya mata komai tun daga farko. Ta ce, "Abban Sadiya, ai na san da wani abu. Tun ran da ka fara ce mani komi lafiya lau sau biyu-biyu."

Sauran shekarar ba sauƙi ta yi ba. Na yi rashin lafiya, na yi azumi mai tsawo, babban rubutun ƙarshe ya kusa kayar da ni. Amma ban sake zama a gaban malami ina amsa abin da ban ji ba. Ranar da na je sallama da Joan na kai mata wata 'yar jakar fata da na zo da ita daga gida. Na shirya dogon jawabin godiya, ta bar ni na kai rabi, ta ce, "Ka je ka nemo mutumin nan."

Sati biyu da dawowata na hau babur na tafi rugar. Jauro ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na ce na zo neman gafara a kan abin da ya faru a aji.

Ya ce, "Mi ya faru, Malam? Ai ba abin da ya faru. Shanu ne suka yi yawa."

Ban ja ba. Na ce masa dai na buɗe wani zama ranar Alhamis da hantsi, na dattawa kaɗai, a zauren wani bawan Allah. Ya tambayi su wa ke zuwa. Na lissafa masa su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "To, mu gani." A sati na uku ya zo, da tsohon littafinsa a cikin leda. Sani kuma ya koma ajin yamma. Har yau a cikinsu ba wanda ya taɓa ambata mini ɗayan. Sai dai duk Alhamis akwai wani ɗan acaɓa, abokin Sani, da ke jiran Jauro a bakin hanya ya kawo shi ya mayar, kuma ba a taɓa faɗin wanda ya aiko shi ba. Ni ma ban tambaya ba.

Wannan shi ne abin da na iya tunawa. Baba Isaka yana karanta Hausa, ko da yake zai ce ta Katsina ba Hausa ba ce. Ina roƙonsa ya fassara wa Malama Joan, su faɗa mini inda na ƙara da inda na rage. Wanda ya san matar shagon wankin nan, don Allah ya aiko mini da sunanta. Jauro da Sani kuma yanzu duk suna iya karanta wannan da kansu. In sun ga gyara ina jira, amma kowa ya kawo nasa a ranarsa.